Ranar da Ƙarfen Italiya Ya Tsage a Fuskar Soja: Yadda Sassan Ƙaramar Bindiga Ke Karyewa da Yadda Ake Gyara Su

A watan Satumba na 1987, wani sojan ruwan Amurka daga cikin zaratan nan da ake kira SEAL yana atisayen harbi da ƙaramar bindiga ƙirar Beretta 92. Ya ja kunama, harsashi ya fita yadda ya kamata, sai kawai murfin ƙarfen da ke saman bindigar ya rabe gida biyu. Rabin gaba ya tsaya, rabin baya ya ɓalle ya yo kansa ya same shi a fuska. Ba a gama maganar wannan ba, a farkon 1988 aka sake samun irinsa. Da ofishin GAO, mai bin diddigin yadda gwamnati ke kashe kuɗi a madadin majalisar dokokin Amurka, ya zauna ya ƙirga a cikin shekarar, ya tarar murfi 14 ne suka karye: uku a hannun masu aiki da bindigar, 11 a ɗakin gwaji. Mutum huɗu sun ji rauni, akwai tsagewar fuska, akwai karyewar haƙori. Ba a rasa rai ba. Amma abin ya zama barkwanci a tsakanin sojojin, har ana cewa ba ka cika SEAL ba sai ka ɗanɗani ƙarfen Italiya.

Abin da ya ƙara wa maganar zafi shi ne bindigar sabuwa ce fil a hannun gwamnati. A Janairun 1985 ne rundunar sojan Amurka ta bayyana Beretta 92F a matsayin wadda ta ci gasar zaɓen sabuwar ƙaramar bindigar soja, ta raɗa mata suna M9, aka ƙulla kwangilar guda 315,930 cikin shekara biyar. Ta zo ne ta gaji M1911, tsohuwar da John Browning ya ƙera, wadda ta shekara sama da saba'in a ƙugun sojojinsu. Tun 1945 gwamnati ta daina sayen sabbin M1911 da yawa, shekara arba'in ana kwance tsofaffi, a sauya musu sassa, a mayar da su bakin aiki. Shi kuma kamfanin da ya kawo sabuwar ba ɗan koyo ba ne. Beretta yana garin Gardone Val Trompia a arewacin Italiya, kuma akwai takardar da ke nuna tun 1526 ya sayar wa ma'ajiyar makaman birnin Venis bututun bindiga 185. A ce gidan da ya haura shekara 450 yana wannan sana'a ƙarfensa na tsagewa a fuskar mutane, ai dole a yi surutu.

Mu nan, da zarar an ce ƙarfe ya karye, mai walda ke fara faɗo mana a rai. Ƙofa, keke, ƙafar kujera, salansar babur, duk a kai masa ya ɗinke. Bindiga mai ɗura kanta ba ta cikin wannan layi, kuma ba za a ga dalili ba sai an san abin da ke faruwa a cikinta daga jan kunama zuwa faɗuwar kwanso a ƙasa.

Irin wannan bindiga, kowane jan kunama harbi ɗaya ne, amma ita ke ɗura wa kanta harsashi na gaba, saɓanin libarba da ke da tulu mai juyawa. Harsasan suna jere a gidansu cikin mariƙin bindigar, sifirin na turo su sama. A saman akwai murfin nan mai zamewa gaba da baya, wanda masu harkar ke kira silaid. In aka ja kunama, 'yar guduma ta faɗa wa allura, allura ta soki ɗan maɓallin da ke gindin kwanson harsashi, albarushi ya kama. Iskar da ta tashi tana tura harsashi gaba, tana kuma tura kwanso baya da ƙarfi iri ɗaya. Ƙarfin nan ba na wasa ba ne. A harsashi mai milimita 9, iyakar matsin da ma'aunin masana'antun Amurka ya amince da shi fam 35,000 ne a kan kowane inci murabba'i. Mai faci in zai ba tayar ƙaramar mota iska, 32 ko 35 yake dubawa a gejinsa. Wato ninki dubu na iskar taya, a cikin ɗan ɗakin da bai kai kaurin ƙaramin yatsa ba, tazarar hannu ɗaya daga idon mai harbi.

Da silaid zai buɗe a daidai wannan lokaci, kwanson tagulla zai fashe. Saboda haka ake kulle bututu da silaid su ja baya tare na 'yan milimitoci, har harsashi ya fice matsin ya sauka, sannan kullin ya saki. Silaid ya ci gaba da tafiya shi kaɗai. Wata 'yar ƙugiya da ke jikinsa ta jawo kwanson daga bututu, kwanson ya daki wani ɗan turke ya yi tsalle waje, silaid ya ɗana guduma, ya matse babban sifirin, sifirin ya mayar da shi gaba, a hanya ya kwashi sabon harsashi ya cusa. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. Inji ne da ke aiki da duka, kowane harbi ƙarfe na dukan ƙarfe sau da yawa.

Yadda ake yin kullin nan, a nan gizo ke saƙar. Yawancin bindigogin yau hanyar Browning suke bi, inda gindin bututun ke ɗan sunkuyawa ya saki silaid. Beretta 92 kuwa ta ɗauko tata daga Walther P38 ta Jamus. A ƙarƙashin bututun akwai wata 'yar sakata mai kunnuwa biyu, dama da hagu. In bindigar na rufe, kunnuwan na zaune a cikin gurbi biyu da aka sassaƙe a bangon silaid. In an yi harbi, sakatar ta sauka, kunnuwan su fita, silaid ya wuce. Sannan Beretta ta yanke saman silaid ɗin ta bar bututun a fili, wanda shi ne kamannin da kowa ke gane ta da shi. Dabarar na da amfani, domin kwanso na samun ƙatuwar ƙofar fita, da wuya ya maƙale. Farashinta shi ne a tsakiyar silaid babu komai sai siraran bango biyu, kuma a jikin waɗannan siraran ne aka ƙara sassaƙe gurbin kunnuwan sakata. Wurin da ya fi ƙarancin nama shi ke shan duka mafi tsanani. A daidai nan silaid ɗin sojojin suka riƙa tsagewa.

Ƙarfe yana gajiya, kuma injiniyoyi da wannan kalmar suke kiran abin. Duk yaron da ya taɓa ƙera motar waya ya san ba da ƙarfin tsiya ake tsinka waya ba, lanƙwasa ta ake yi gaba da baya a wuri ɗaya har ta yi zafi ta rabu. Kowace lanƙwasa ita kaɗai ba ta isa ta karya komai ba, taruwarsu ce ke yi. Sai kuma ka tsaya a Kantin Kwari ka kalli mai yadi. Ba ya bin yadin da almakashi daga gefe zuwa gefe. Ɗan tsaga yake yi a bakin, bai kai rabin inci ba, ya kama gefe biyu ya fizge, yadin ya yage tsaf a kan layin. Ba tare da wannan ɗan tsagan ba, sai ya yi ta ja bai yage ba. Haka ƙarfe yake. Duk inda aka sassaƙa kusurwa mai kaifi, ko injin sassaƙa ya bar ƙarzo, ko tsatsa ta ci ɗan rami, nan ne ƙarfin duka ke taruwa. Tsagar takan fara da abin da ido ba ya gani, kowane harbi ta ɗan ƙara, har ranar da sauran naman da ya rage ya kasa ɗaukar nauyin ya ɓalle lokaci ɗaya.

Shi ya sa ƙwararren makanikin bindiga in aka kawo masa karyayyen sashe ba ya jefa shi a kwandon shara. Yakan kai bakin karayar ƙarƙashin fitila da madubin ƙara girma ya karanta ta. In ya ga wani ɓangare ya yi sumul, ya ɗan yi duhu, da layi-layi kamar sawun da ruwa ke bari a yashin rafi, sannan sauran ya yi garas-garas yana ƙyalli, ya san tsagar ta daɗe tana tafiya, mai ƙyallin nan shi ne abin da ya saki a harbin ƙarshe. In kuwa duk fuskar karayar sabuwa ce, to duka ɗaya ne ya yi ta: ko harsashin ya fi ƙarfin bindigar, ko wani abu ya toshe bututu, ko ƙarfen tun asali mai gautsi ne. Amsar da ya samu a nan ita ke faɗa masa ko sauya sashen ya wadatar, ko kuwa sabon da zai saka ma hanyar tsohon zai bi.

A kan wannan tambaya ce Beretta da sojan Amurka suka yi ta ja-in-ja. Kamfanin ya ce laifin harsashi ne, an yi ta ɗura wa bindigar masu zafin da ya wuce ƙa'ida. Injiniyoyin soja suka ce ƙarfen ne ba shi da juriya, kuma duk silaid ɗin da suka karye a Italiya aka ƙera su. Akwai bambanci tsakanin tauri da juriya, kuma maƙeran Hausa sun san shi tun kafin a rubuta shi a littafi. Adda in an gasa ta ta yi ja aka tsoma a ruwa, takan yi tauri ta riƙe kaifi. In taurin ya yi yawa, da ta haɗu da ƙashi ko dutse sai bakinta ya ɓantare kamar tangaran. In bai isa ba, sai ta lanƙwashe. Gwanintar maƙeri ita ce samun tsakiya. Silaid na buƙatar taurin da zai hana shi cinyewa, da juriyar da za ta sa in tsaga ta fara ta yi tafiyar hawainiya maimakon ta ruga. A ganina hujjar sojojin ta fi nauyi, saboda yadda lissafin ya watse: wani silaid sai da ya yi harbi wajen 30,000 kafin ya saki, wani kuwa bai kai 5,000 ba. Kaya iri ɗaya da ke mutuwa a shekaru mabambanta haka, akwai abin dubawa a yadda aka dafa ƙarfensu. Wannan bai wanke harsashi mai zafi ba, don shi ma yana gaggauta ajalin kowane sashe.

Matakin farko da aka ɗauka na wucin gadi ne, aka ce a riƙa sauya silaid bayan harbi 3,000. Umarni ne mai sauƙin rubutawa, mai wuyar bi, tunda sai an san harbi nawa kowace bindiga ta yi, kuma bindigar da ke yawo hannu-hannu a filin atisaye ba kowa ke rubuta mata lissafi ba.

Gyaran da ya zauna shi ne ya fi burge ni, don ƙanƙantarsa. Akwai wani fil da 'yar gudumar ke juyawa a kansa, ya ratsa gangar jikin bindigar daga gefe zuwa gefe. Sai aka faɗaɗa kansa na ɓangaren hagu ya zama kamar ƙaramin kwabo, aka kuma sassaƙa kwari a ƙarƙashin silaid daidai inda kan fil ɗin zai riƙa shiga. Muddin silaid na lafiya, fil ɗin ba ya taɓa komai. Ranar da ya rabe biyu, rabin baya in ya taso sai ƙarshen kwarin ya ci karo da kan fil ɗin ya tsaya cak a kan bindigar. Wannan ce ta zama 92FS. A lura, fil ɗin ba ya hana karaya, fuskar mai harbi kawai yake karewa. An gyara sarrafa ƙarfen daban, amma injiniyoyin ba su yarda su rataya idon mutum a kan alkawarin cewa ba zai ƙara karyewa ba. Daga baya kamfanin ya fito da samfurin Brigadier mai kaurin bango a daidai gurbin sakata. Ita ma sakatar, wadda kunnuwanta suka yi suna wajen ɓallewa in ta sha harbi da yawa, an sake mata siffa, aka mulmule kusurwoyinta masu kaifi don kada tsaga ta sami wurin farawa. Majalisa ta matsa aka sake gasa, Beretta ta sake ci a 1989. Su dai 'yan SEAL ba su koma ba, suka rungumi bindigar wani kamfanin, SIG P226.

To me zai hana a yi wa silaid ko sakata walda? Wutar walda na narkar da ƙarfe, wato zafin da ya haura digiri 1,400. Duk taurin da masana'anta ta ba sashen a tanderu mai awo, a wannan wuri ya tafi. Gefen ɗinkin wani wuri ya yi laushi, wani wuri ya yi gautsi, ga 'yan ramukan iska da kan ɓuya a cikin ɗinkin kansa, kowannensu tsagar mai yadi ce da ke jiran a fizga. Ƙari a kan haka zafi na murɗa ƙarfe, alhali sassan nan da awon da bai kai kaurin gashi ba suke zama da juna. Sashen zai fito ya yi kyau a ido, a goge shi a shafa masa baƙi, har ya yi harbi goma ko hamsin. An gudu gara ne an faɗa gidan zago, domin da yana karye kowa ya san ba a harbi da shi, yanzu kuwa ya koma tarko. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce duk abin da ke ɗaukar matsin harbi, bututu, silaid, sakata, in ya tsage ya gama aiki. Akwai gwanayen da kan yi walda mai laushi a kan tsofaffin bindigogin tarihi da ba a samun kayansu, a wuraren da ba sa ɗaukar matsi, amma wannan aikin adana kayan tarihi ne.

Karyewar silaid abu ne da ba kasafai ake gani ba, shi ya sa ya zama labari. Abin da ke cika teburin makaniki kullum ƙananan abubuwa ne: ƙugiyar cire kwanso da bakinta ya ɓantare, allura da tsininta ya karye, da sifirin iri-iri da suka mutu. Kowannensu da alamarsa. Ƙugiya in ta lalace, kwanso na zama a bututu, sabon harsashi ya zo ya tokare a bayansa. Allura in ta gutsure, za a ji ƙas, a duba gindin harsashi a ga babu tabo ko kuma tabon bai yi zurfi ba. Sai dai alama ɗaya na iya samun uwa uku. Rashin tabon nan na iya zama allura, na iya zama sifirin guduma ya yi sanyi, na iya zama busasshen mai da dauɗa ne suka cushe ramin da allurar ke bi. Wanda ya yi saurin sayen allura alhali dauɗa ce, ya yi asarar kuɗi kuma matsalar na nan.

Sau da yawa ma sashen da ya karye ba shi ne mai laifi ba. Babban sifirin da ke mayar da silaid shi ke rage zafin dukan. Yana raunana a hankali, ba ya ƙara, ba ya nuna komai, sai dai in an jera shi da sabo a ga ya gajarce. Da ya yi sanyi, silaid na komawa baya da gudu fiye da ƙima, sakata da gangar jiki su riƙa shan abin da ba nasu ba. Shi ya sa ake yawan ba da shawarar sauya shi wajen kowane harbi 5,000 a manyan bindigogin aiki, ƙananan kuwa tun kafin haka. A saka sabuwar sakata a bar mataccen sifirin, an dai sayo wata sakatar da za ta karye. Haka ƙugiyar M1911 takan lalace a hannun masu jefa harsashi kai tsaye cikin bututu su saki silaid a kansa, alhali an yi ta ne harsashi ya zamo ta ƙarƙashinta daga gidansa. In makaniki bai tambayi yadda mai ita ke sarrafa ta ba, zai sake ganinsa. Kuma sifirin mai ƙarfi fiye da ƙima ba gata ba ne. A 2011 kamfanin Glock ya yi shelar musanya wa masu samfurinsa na Gen4 wannan sifirin kyauta, bayan koke-koken cewa wasu bindigogin na sarƙewa.

Sai maganar saka sabon sashen, wadda ta rabu biyu gwargwadon zamanin bindigar. Glock 17, da sojan Ostiriya suka karɓa a 1982, sassanta talatin da 'yan kai ne, an yi su ne a cire wannan a saka wancan ya zauna. Kwas ɗin da kamfanin ke ba masu kula da makamai na kwana ɗaya ne. M1911 'yar wani zamani ce, lokacin da ƙwadago ke da arha kuma kowace bindiga sai wani ya zauna da zarto da dutsen goge ya daidaita ta. Har yau yawancin sassanta sukan zo da ɗan ƙarin nama, sai gwani ya rage ya dace da wannan bindigar ita kaɗai. A nan ne 'yan koyo ke yin ɓarna mafi muni, musamman a ɗan haƙorin da ke riƙe guduma har sai an ja kunama. Wurin da haƙorin ke cizo bai fi kaurin 'yan takardu ba. In aka ci shi fiye da ƙima, ko aka sauya masa kusurwa, ko aka goge taurin da ke fatarsa a irin sassan da taurinsu na sama-sama ne, bindigar na iya tashi in ta faɗi, ko ta saki harbi fiye da ɗaya a ja guda. Bindigar da ta ƙi tashi matsala ce ga mai ita. Wadda ke tashi da kanta matsala ce ga duk wanda ke cikin ɗakin.

Wani lokaci kuma babu abin da ya karye sam. A yaƙin Iraƙi bayan 2003 sojoji sun yi ta kukan M9 na sarƙewa, da aka bi sawu sai aka tarar gidan harsashi ne. An ba wani ɗan kwangila aikin ƙera su, takardar kwangilar ta ce a yi musu wani rufi mai kaushi don maganin tsatsa, shi kuma kaushin ya riƙa kama lallausan yashin hamada har harsasai su kasa hawowa. Da aka sauya rufin zuwa mai santsi, kukan ya ragu. Duk wanda ya ga yadda ƙurar hunturu ke shiga agogo da cikin waya zai gane wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba. Mai da yawa a irin wannan yanayi ƙura yake tarawa, ya zama kamar dutsen wasa a tsakanin sassa.

Bayan gyara akwai gwaji, kuma shi ma mataki-mataki ne. Ana fara shi da bindiga babu harsashi: a ga makarin kariya na hana kunama aiki, guduma ba ta bin silaid in an sake shi, komai na komawa mazauninsa. Sai harsasan bogi marasa albarushi don a ga shiga da fita. Sannan a je filin harbi. Manyan ɗakunan gyara na soja suna da hanyar gano tsagar da ido ba ya gani: a mayar da ƙarfen maganaɗisu, a zuba masa ruwa mai garin ƙarfe, garin ya taru a kan layin tsagar ya tona ta. A ƙasashen Turai da ke cikin yarjejeniyar CIP, Italiya na ciki, bindiga ba ta shiga kasuwa sai gidan gwaji ya harba ta da harsashin da aka ƙara wa matsi da gangan, kashi 30 cikin ɗari a ƙananan bindigogi, ya buga mata hatimi. In aka yi babban aiki a sashen da ke ɗaukar matsi, sai ta koma an sake. Gidan gwajin Italiya a Gardone Val Trompia yake, gari ɗaya da Beretta.

Wanda ke da ikon yin gyaran kuwa, doka ce ke faɗa, kuma ta bambanta ƙwarai. A Amurka gangar jikin da ke ɗauke da lamba ita doka ke kira bindiga, sauran sassa kamar sifirin da ƙugiya ana sayensu kamar kayan gyaran mota, amma mai gyara wa jama'a a matsayin sana'a sai da lasisin gwamnatin tarayya. A yawancin Turai bututu da silaid ma sai da izini. A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistul, wato irin wannan ƙaramar bindiga, da libarba a jerin makaman da aka haramta, waɗanda lasisinsu a hannun shugaban ƙasa yake, ta kuma hana ƙera bindiga ko haɗa ta ko gyara ta sai a ma'ajiyar makamai ta hukuma ko ta soja, ban da izinin da 'yan sanda kan bayar a kan irin bindigar farauta da bindigar toka. Ke nan a ƙasar nan fistul in ta lalace, aikin mai kula da ɗakin makamai ne na 'yan sanda ko soja. Maƙerin da ya karɓa ya taɓa, ko da gwani ne a bindigar toka, ya jawo wa kansa shari'a, ga shi kuma matsin da ya saba da shi a baƙin albarushi bai kama ƙafar na harsashin zamani ba. Sunan Beretta ma ba baƙo ba ne a nan: masana'antar makamai ta DICON da aka kafa a Kaduna a 1964 ta fara aiki ne da bindigoginsa, BM59 da M12, a ƙarƙashin lasisi.

M9 ta yi shekara sama da talatin tana aiki. A Janairun 2017 sojan Amurka suka zaɓi SIG Sauer P320 ta gaje ta, da sunan M17 da M18. Ba a rufa shekara ba, a watan Agusta, aka nuna cewa samfurin da ake sayar wa farar hula na iya tashi in ya faɗi ta wata kusurwa, domin nauyin kunamar kanta na iya ja da ita baya in bindigar ta daki ƙasa. Kamfanin ya buɗe shirin karɓar bindigogin yana sauya musu kunama da wadda ta fi sauƙin nauyi, da wasu sassan ciki. A wannan karon babu ƙarfen da ya tsage, lissafin nauyi ne ya kuskure.

Ita kuwa 92FS har yau ana ƙera ta. Wanda ya ga hotonta ta ɓangaren hagu, ya duba saman mariƙi daf da guduma, zai hangi gefen wani ɗan ƙarfe mai da'ira ya leƙo ya shige ƙarƙashin silaid. Kan fil ɗin nan ne na bayan 1988.